ALƘALAMI DA KWANAN RUBUTU: ZAƁEN KAYAN ZANE DA RUBUTUN BANGO A ƘASAR GOBIR

Gabatarwa

 

Abin da wannan lacca ta ƙunsa shi ne alƙalamin nan mai kaurin baki wanda 'yan kasuwa da 'yan makaranta suke kira maka, da yadda ya kamata a zaɓe shi domin zane a takarda ko rubutu a bango. Mai sauraro yana iya ganin batun ya yi ƙanƙanta ga zauren jami'a. To, amma da wannan ɗan abu ake sa wa buhun taki lamba, da shi ake shaida yaron da aka ɗiga wa maganin shan-inna, da shi ake yi wa mai jefa ƙuri'a alama a yatsa, da shi kuma ɗalibin zane yake fitar da aikin da malamansa za su auna shi a kai. In alama ta goge kafin lokacinta an yi asara, in kuwa ta ƙi gogewa bayan an gama da ita an yi ɓarna.

Magana guda ce laccar za ta tsaya a kanta, watau kowane rubutu yana da kwanan da ake so ya yi a duniya, kuma gwargwadon wannan kwana ake zaɓar masa alƙalami. An ɗauki Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato, domin su zama madubi, saboda ƙasa ce da ta daɗe da sanin tawada, ga kuma rana da ƙura da ruwa masu tona asirin kowane launi.

Ƙasar da Yanayinta

Labarin da Gobirawa suke riƙe da shi ya nuna cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro kudu, suka zauna Birnin Lalle, daga bisani Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18. Mayaƙan jihadi a ƙarƙashin Muhammadu Bello suka ci wannan birni a shekarar 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan Ɗan Halima ya ware ya kafa Sabon Birni. A yau da Sabon Birni da Isa kowanne yana da mai riƙe da sarautar Sarkin Gobir.

A nan akwai abin lura. Ganuwar Alƙalawa da fadarta sun zama kufai, alhali kuwa littattafan da malaman wancan zamani suka rubuta, irin su Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello wanda aka kammala a 1812, an yi ta kwafarsu da hannu har suka iso ga mutanen yau, ana kuma adana irinsu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Siririn layi na tawada ya fi tudun ƙasa kwana. Haka nan Bagobiri ya san alamar da ake so ta raka mutum har kabari, domin tsagarsa, shida a kunci guda bakwai a ɗayan, aikin askar wanzami ce, ba a yin ta da abin da ruwa zai wanke.

Yanayin wurin kuwa ba ya ragawa launi. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama yakan zo da iska ya doki bango, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya kawo ƙura da bushewa. Duk alƙalamin da aka ƙera domin ofis mai sanyi a Turai ko Japan, waɗannan abokan gaba uku zai tarar a bakin Gulbin Bunsuru da Gulbin Maraɗi.

Abin da Magabata Suka Sani

Tun kafin zuwan boko malamin zaure ya raba tawada gida biyu. Ta farko ita ce zuge, wadda ake yi da gawayi ko baƙin tukunya, a daka, a tace, a haɗa da ƙaro. Ƙaron shi ne yake riƙe garin gawayin a fuskar allo. Rana ba ta koɗar da baƙin gawayi ko an shekara, amma ruwa kaɗan yana narkar da ƙaron, sai rubutu ya tafi. Wannan kuwa shi ake so, domin almajiri ya haddace, ya wanke, ya sake sabon rubutu. Ta biyu ita ce wadda malamai da yawa suke kira yambari, da ake jiƙa 'ya'yan bagaruwa tare da ƙarfe ko kashin maƙera. Sinadarin da majema suke nema a bagaruwa domin jima, shi ne yake haɗuwa da ƙarfen ya ba da launi mai ƙara duhu in ya sha iska, ya kuma shige cikin takarda yadda ruwa ba ya fitar da shi da sauƙi. Da irin wannan ake rubuta abin da ake so jikoki su gada. Ita ma tana da aibinta, domin in ƙarfen ya yi yawa takan ci takarda bayan shekaru masu tsawo.

Marubucin Alƙur'ani bai tsaya kan baƙi kaɗai ba. Yakan sa wasali da ja, hamza da rawaya, wata alamar kuma da kore, kowane launi da aikinsa ga mai karatu. Alƙalaminsa na gamba ne ko na kara, shi yake fiƙe shi da kansa, ya faɗaɗa baki ko ya sirance shi gwargwadon rubutun da ke gabansa. Magini shi ma yana da nasa ilmi. Farar ƙasa da jar ƙasa da shuni su ne launukansa, makuba ta kwasfar ɗorawa da laso na katsin marina su ne garkuwarsa daga ruwa, in kuma yana son ado irin su dagi ya daɗe sai ya fitar da shi da laka a jikin bangon tun tana ɗanya. Saboda haka tambayoyi uku da mai sayen maka ya kamata ya yi a yau, watau a kan me za a rubuta, kwana nawa ake so ya yi, wane irin baki ya dace, duk magabata sun riga sun yi su.

Asalin Maka da Yadda Take Aiki

Wani Ba'amurke mai suna Sidney Rosenthal ya fito da Magic Marker a farkon shekarun 1950, 'yar kwalba ce ta tawada da aka sa mata baki na dannannen ulu. Kamfanin Edding ya kafu a Jamus a 1960, kamfanin Pentel na Japan ya fito da alƙalami mai siririn bakin zare a 1963, kamfanin Sanford na Amurka kuma ya fito da Sharpie a 1964. Daga baya Japan ta ƙaro Pigma a 1982, Posca a 1983, da Copic a 1987. Waɗannan sunaye sun isa misali, domin kowanne yana wakiltar wani iri.

Kowace maka abu uku ce a haɗe. Akwai launi, akwai ruwan da yake ɗauke da launin ya kai shi inda ake so sannan ya bushe, akwai kuma ɗanko mai manne launin, wanda yake aikin ƙaro a zuge. Launin iri biyu ne. Na farko rini ne, mai narkewa ƙarƙaf kamar gishiri a ruwa. Yana da haske da ɗaukar ido, yana gudu sosai a bakin alƙalami, amma hasken rana yana karya shi. Na biyu gari ne mai laushi wanda ba ya narkewa, sai dai ya yi iyo a cikin ruwan kamar gawayi a zuge. Ya fi jure rana nesa ba kusa ba, yana kuma rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Ruwan da yake ɗauke da launin kuwa ko ruwa ne tsantsa, ko sifirit, ko sinadarai masu ƙarfin wari irin su zailin. Wanda ya fahimci wannan rabo ya gama da rabin wahalar zaɓe.

Kwatanta Ire-irenta

Iri na farko shi ne mai ruwa da rini, wanda ake sayar wa yara dozin guda a kwali. Yana da araha, ba shi da wari, ya dace da taswirar aji da aikin firamare. Ɗigon ruwa yana watsa shi, rana kuma tana cinye shi da wuri. Wannan ɗan'uwan zuge ne wajen wankuwa, sai dai bai gaji juriyarta ga rana ba.

Iri na biyu shi ne mai sifirit da rini. A nan Sharpie da mafi yawan makar da ake rubuta buhu da kwali da ita suke, a nan kuma Copic take, wadda masu zane suke so saboda tana da launi 358, ana ƙara mata tawada, ana canza mata baki, launukanta kuma suna shiga juna ba tare da gaɓa ba. Wannan iri yana bushewa nan take, yana kama leda da gilashi da ƙarfe, ruwa ba ya wanke shi. Amma yana ratsa takarda mai shan ruwa ya ɓullo ta baya, in an bar shi a buɗe cikin zafin bazara kuma ba ya daɗewa yake ƙafewa. Babban abin da yake ruɗin mai saye shi ne kalmar Turanci da ake bugawa a jikinsa mai nufin dindindin. Abin da take nufi shi ne ruwa da gogayya ba sa fitar da shi. Ba ta yi alkawarin komai game da rana ba. Ita kanta Copic an ƙera ta ne domin masu tsara zanen da za a ɗauki hotonsa a buga, saboda haka ɗalibin da ya rataye irin wannan aiki kusa da taga zai ga ja da shuɗi suna dusashewa a kan idonsa.

Iri na uku shi ne mai garin launi da siririn baki, irin Pigma. Shi ne magajin yambari a aikin takarda. Ya dace da layin zane, da taswirar fili, da duk rubutun da za a ajiye a fayil shekaru. Bakinsa ba ya jure wuri mai kaushi.

Iri na huɗu shi ne makar fenti, irin Posca mai ruwa da kuma masu mai. A cikinta akwai ɗan ƙwallo, sai an girgiza an danna baki kafin fentin ya sauko. Tana rufe baƙi da fari, tana kama katako da kwano da siminti da aka shafe, ita ce kuma ta fi jure waje. Ta fi sauran tsada, tana kuma toshewa in ƙura ta shiga bakinta.

Iri na biyar shi ne na farin allo. An sa masa wani mai da yake hana launin mannewa domin tsumma ya ɗauke shi. Ranar da aka yi kuskure aka ɗauki mai sifirit aka rubuta a farin allo, maganin abin shi ne a bi ta kan rubutun da makar allon a goge tun da danshi, domin ruwanta yana narkar da na farkon.

Game da baki kuwa, mai tsini na layi ne, mai faɗi a karkace yana ba da kauri da siranta kamar fiƙaƙƙen alƙalamin gamba, shi ya sa ya fi dacewa da rubutun ajami da Larabci, mai laushi irin buroshi kuma na inuwa ne da cike gurbi.

Rubutun Bango

Rubutu a bango tsohon hali ne na ɗan Adam. An same shi birjik a garin Fomfai na Italiya wanda aman wuta ya binne a shekara ta 79, akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa a dutsen Dabus a Azbin, akwai kuma zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu. Amma irin na zamani da ake kira girafiti, maka ce ta haife shi. A 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani saurayi mai sa hannu da TAKI 183, wanda yake rubuta sunansa da maka a duk inda aikin kai saƙo ya kai shi. Matasa suka kwaikwaye shi, suka ƙara da fentin feshi, har jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin suka rufe da rubutu. Sai a 1989 hukumar jiragen ta iya tsabtace su, bayan ta kashe dukiya mai yawa.

A garuruwan Gobir bango ya fi ɗaukar sunan jam'iyya da ɗan takara, da tallan mai magani, da sunan ƙungiyar samari, da gargaɗin hana fitsari. Mai irin wannan aiki ya sani cewa bangon ƙasa ba wurin maka ba ne. Yakan tsotse tawadar, yashinsa ya cinye bakin cikin 'yan layuka. Gawayi da alli da farar ƙasa su suka dace da shi in ana son abin ya tafi da damina, fenti da buroshi in ana son ya zauna. Sabon siminti kuma yana da kaifi irin na toka mai ɓata wasu launuka, sai ya bushe sarai an yi masa shafe. Ƙyauren ƙarfe da allon kwano su ne gonar makar fenti.

A nan zaɓen alƙalami yake zama batun haƙƙi. Yaƙin neman zaɓe na 'yan watanni ne, amma fentin da aka rubuta shi da shi a bangon makaranta ko asibiti yakan kai wani zaɓen, har ɗan takarar ya canza jam'iyya sunansa yana nan a ƙarƙashin tsohuwar. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to, ina ga wadda aka rubuta da fentin mai. Bangon mutum dukiyarsa ce, ba a taɓa shi sai da izninsa. Sunan Allah da ayoyi kuma ba a sa su inda ƙazanta za ta same su. Saurayin da Allah ya ba hannun zane ya nemi bangon da aka ba shi, ya yi abin da garin zai yi alfahari da shi, kamar yadda maginan da suka ƙawata soraye.

Abin da Ya Shafi Ma'aikata

Aikin rigakafin shan-inna ya nuna hikimar wannan rabo a fili. Ma'aikata sukan yi wa gida alama da alli, domin ana so ta kwana kaɗan mai duba aiki ya gani, kafin wani zagaye ta goge. Yaron kuwa a ɗan ƙaramin yatsansa na hagu ake sa masa alama da makar da wanka ba ya fitarwa nan da nan, domin kada a tsallake wani ko a maimaita wa wani. Da irin wannan tsari, tare da sauran ƙoƙari, aka kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Tawadar zaɓe ma haka take. Ana sa mata sinadarin azurfa mai rina fata in ya ga haske, wanda ba ya fita sai fatar ta sabunta. In mai sayo kaya ya kawo maka ta kasuwa a madadinta, ya buɗe ƙofar maguɗi da hannunsa.

Tun wajen 2019 rashin tsaro ya tilasta wa mutane da yawa na ƙauyukan Sabon Birni da Isa barin gidajensu, wasu har Jihar Maraɗi. Wanda ya gudu da katin asibitin ɗansa ko takardar gonarsa a cikin ruwa, tawadar da akawu ya zaɓa ita za ta yanke ko takardar za ta yi masa shaida. Lambar da aka sa wa buhun agaji da makar rini, in ya kwana biyu a rana a buɗaɗɗiyar mota, tana iya dusashewa ta bar ma'aji da lissafin da ba zai iya karewa ba.

Akwai kuma batun lafiya. Zuge ana wanke ta a sha saboda gawayi ce da ƙaro. Tawadar maka ba a yi ta domin ciki ba, don haka kada a kuskura a yi rubutun sha da ita. Mai ƙarfin wari kuma kada a ba yara, kada a yi aiki da ita a rufaffen ɗaki, domin shaƙar zailin tana kawo ciwon kai da jiri.

Gwaji Kafin Saye

Gani ya kori ji. Kafin ofis ya sayi kwali guda, ko ɗalibi ya zuba kuɗin guzurinsa, a sayi ƙwaya ɗaya a gwada ta a kan ainihin abin da za a rubuta. A ja layi, a bari ya bushe, a murza da yatsa. A ɗiga masa ruwa. A rufe rabin layin da kwali a ajiye shi a rana mako biyu, sannan a buɗe a kwatanta. Masana'antu suna auna juriyar launi da ma'aunin shuɗin ulu mai hawa 1 zuwa 8, inda 8 ta fi kowa juriya, amma ranar Afrilu a Isa ta isa alƙali. A duba murfi ko yana kamawa tsam, domin ta nan maka take mutuwa. A ajiye ta a inuwa, mai baki biyu kuma a kwantar da ita. A yi hattara da jabu, domin sanannen suna a jikin alƙalami ba ya tabbatar da abin da ke cikinsa. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba hujja ba ce, domin maka mafi tsada a shagon masu zane tana iya zama mafi saurin koɗewa a bango.

Kammalawa

A taƙaice, abin da za a wanke gobe a ba shi alli ko gawayi ko makar allo. Abin da zai shiga ruwa amma ba zai zauna a rana ba a ba shi mai sifirit. Abin da za a adana a takarda a ba shi mai garin launi. Abin da zai fuskanci rana da damina a ba shi fenti, bayan an nemi iznin mai bango. Ana fata ɗaliban sashen zane da na kimiyyar haɗa sinadarai za su zauna da malaman zaure da majema na Sabon Birni da Isa su rubuta yadda ake haɗa zuge da yambari tun masu sanin suna raye, su kuma gwada ko ƙaro da bagaruwar wannan ƙasa za su ba da tawadar da za a ɗura wa maka a gida.